Fim ɗin 'yan fashin teku ya yi daɗi, amma zuwa sinima ya zama wahala: ina ra'ayinku?

Baban Khalil:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun ƙarshen makon jiya, kuma ina so in ji ta bakin waɗanda suka fi ni sanin harkar fim. Wani gidan sinima a garin da nake zaune a nan Ingila ya sake nuna kashi na farko na Pirates of the Caribbean, wanda ya fito a 2003, sai na kwashi uwargida da yara muka je. Na sha kallon fim ɗin nan a talabijin, amma sai ranar na gan shi yadda masu shirya shi suka so a gan shi. Ku tuna wurin da Jack Sparrow, ɗan fashin tekun da shi ne jarumin fim ɗin, yake fara bayyana: ana nuno shi tsaye a ƙololuwar sandar jirgi, iska tana kaɗa gashinsa, kiɗa yana tashi, sai can a gane ashe ɗan ƙaramin jirgi ne da ruwa ya riga ya ci ƙarfinsa, kuma daidai lokacin da jirgin ya gama nitsewa ya miƙa ƙafa ya taka katakon bakin gaɓa ba tare da ya ko waiwaya ba. A gida murmushi kawai nake yi idan an zo nan, amma a can ɗakin gaba ɗaya ya ɗauki dariya, har da dattawan da ke zaune a bayanmu. Haka kuma ƙarar igwa lokacin da jirgin Barbossa, shugaban mugayen 'yan fashin, ya far wa garin Port Royal cikin dare, a ƙirji mutum yake jin ta.

To sai dai abin da na kashe ya dame ni. Bayan kuɗin tikiti, an ƙara mini wani kuɗi saboda kawai na saya ta intanet, na biya na ajiye mota, sannan gugguru da lemon yara suka kusa cin abin da tikitinsu ya ci. Mun zauna a kan lokaci, amma aka yi kusan rabin sa'a ana nuna mana tallace-tallace kafin a fara, ga shi fim ɗin kansa minti 143 ne. Wani matashi a layin gabanmu kuwa bai ajiye wayarsa ba tun daga farko har ƙarshe, haskenta yana dukan idona a duk wurin da allon ya yi duhu. Na fito ina jin daɗin fim, ina kuma jin haushin wurin. Tambayata ita ce, a ganinku kwalliya tana biyan kuɗin sabulu a zuwa sinima yanzu, ko kuwa mai iyali ya haƙura ya kalla a gida?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam, Baban Khalil. Abin da ka faɗa ba a Ingila kaɗai yake ba, domin mu ma a Abuja haka muke fama. Ni kashi na biyar na kalla a sinima, wanda ya fito a 2017, kuma duk da cewa labarinsa bai kai na farko armashi ba, ganin teku ya cika allo daga bango zuwa bango abu ne da ba ya fita a rai. Amma tun daga wancan lokaci zuwa yau, zuwa da yara ya koma abin da sai an yi masa tanadi kamar hidimar Sallah. Ba a yarda ka shiga da abincinka ko ruwanka ba, har jaka ake buɗewa a bakin ƙofa, alhali ruwan robar da ke ciki ya ninka na kanti. Ita kuwa uwa ba za ta iya zaunar da yaro yana kallon na kusa da shi yana cin gugguru shi hannunsa babu komai ba, saboda haka dole ta saya ko tana so ko ba ta so.

Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne, lokacin salla ne. Idan ka shiga bayan la'asar, fim mai tsawo irin wannan tare da tallansa zai kai ka magariba kana ciki, kuma ba a yin hutun rabin lokaci irin na fina-finan Indiya, sai dai ka tashi ka tsallake ƙafafun mutane cikin duhu ka fita, ka dawo an wuce ka. Idan kuma ka ce sai bayan isha'i, to dawowa gida da yara a tsakar dare wata damuwar ce, ga kuɗin mota ya ƙaru. Ga sanyin na'urar sanyaya ɗaki da ake ƙurewa, wanda ya sa ƙaramata ta kwana tana tari ranar da muka je na ƙarshe.

Alhaji Ɗanfagge:
Baban Khalil da Maman Ilham, Allah ya yi muku albarka, kun taɓo mini abin da na sani. Ni tun ina saurayi nake shiga silima a Kano, lokacin da ake da su Plaza da Orion da Wapa da Marhaba da El Dorado, kuma kafin zamaninmu an yi Rex tun 1937, an buɗe Palace a cikin birni a 1952. Ina so matasa su san cewa silima ba ta taɓa rabuwa da wahala ba, sai dai wahalar ce ta sauya kama. Yawancin gidajen wancan zamani ba su da rufi, sai duhu ya yi ake farawa, kuma idan damina ce hadari ya taso, to kallon ranar ya ƙare ke nan. Akwai turmutsitsi a wurin yankar tikiti, akwai hayaƙin taba, akwai lokacin da zaren fim zai tsinke ana tsakiyar faɗa, jama'a su yi ta ihu da fito har a gyara. Kuma a idon iyayenmu silima wurin 'yan iska ce, wanda ya sa da yawanmu a ɓoye muke zuwa, mace mai mutunci kuwa ba ta ko kusantar wurin. Gobarar da ta tashi a silimar El Duniya a 1951, wadda ta ci rayuka masu yawa, ta ƙara wa mutanen gari ƙyamar abin, har muka taso muna jin labarinta a bakin manya.

Amma abu ɗaya ne zan tsaya a kansa: a wancan lokaci ɗan dako da ɗan koyon kanikanci suna iya shiga daga abin da suka samu a yinin. Akwai kujerun masu hali a baya, akwai benci na masu ƙaramin ƙarfi a gaba, kowa da gwargwadon aljihunsa, kuma allo ɗaya ake kallo. Yanzu an gyara wurin, an sa kujeru masu laushi, mace tana iya zuwa da mijinta da 'ya'yanta ba tare da an nuna ta da yatsa ba, wannan kuwa ci gaba ne da nake yabawa. Sai dai an kai silimar cikin manyan kantuna, an sa mata farashin da talaka ba ya ko tambaya. Fim ɗin da kuke magana jikokina ne suka nuna mini shi a gida, kuma faɗan takobin da aka yi a cikin maƙera, inda jaki yake juya injin su kuma suna tsalle a kan katakan rufi, ya tuna mini irin fina-finan da ke sa benci ya tashi tsaye. Da a ce a zamaninmu aka kawo shi, da an yi makonni ana cika.

Mai Tikiti:
Ranka ya daɗe Alhaji, mun gode da wannan tarihi. Ni na yi aiki a wani gidan sinima na wasu shekaru, daga teburin tikiti har zuwa ofishin lissafi, saboda haka bari in faɗi yadda abin yake daga ciki, ba don in wanke masu gidajen ba. Kuɗin tikitin da kuke biya ba duka ne yake zama a gidan ba. Kusan rabinsa yana tafiya ga masu rarraba fim da kamfanin da ya shirya shi, kuma idan babban fim ne, a makonnin farko kason da suke ɗauka ya fi haka. Daga abin da ya rage ne za a biya hayar wuri a cikin kanti, da albashi, da haraji, da gyaran majigi da lasifikoki waɗanda kayansu duk daga waje ake sayo su da dala. A Najeriya kuma sai a ƙara man dizal, domin ba a yarda wuta ta ɗauke ana tsakiyar fim ba, ko da mutum biyar ne a ɗakin sai an kunna janareta da na'urar sanyi. Tun da darajar naira ta zube daga tsakiyar 2023, wannan lissafi ya ƙara dagulewa.

Gugguru da lemo kuwa babu mai raba kuɗinsu da gidan, kuma masarar da ake yin sa da ita ba ta da tsada, shi ya sa nan ne ribar take. Wannan ne dalilin buɗe jakar da Maman Ilham ta ambata, kuma shi ne dalilin da ya sa ake ajiye injin gugguru a bakin hanya inda ƙamshinsa zai tare ka kafin ka kai ƙofar ɗaki. Tallan da ake nunawa kafin fim shi ma kuɗin shiga ne, kuma lokacin da aka rubuta a tikiti lokacin fara talla ne, ba na fara fim ba.

Su ma kamfanonin suna da nasu lissafin. Fim ɗin da Baban Khalil ya kalla ya ci wajen dala miliyan 140 kafin ya fito, a lokacin da masu harkar suke tsoron labarin 'yan fashin teku, saboda wani makamancinsa da aka fitar a 1995 ya yi mummunar faɗuwa. Kamfanin Disney da ya shirya shi ya yi kasada, ya ɗauko labarin daga wani wurin wasa na Disneyland da aka buɗe tun 1967, sai fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 650 a duniya, kashi na biyu da ya biyo baya a 2006 kuma ya haura dala biliyan 1. Wanda ya zuba irin wannan dukiya ba zai sassauta wa mai gidan sinima ba, shi kuma mai gidan a kan ɗan kallo yake fanshewa.

Maman Ilham:
Malam Mai Tikiti, na fahimci bayaninka, kuma na gode da ka faɗi gaskiya. Amma ko da an yarda a ci riba a kan gugguru, ban ga hujjar hana uwa shiga da ruwan shan jaririnta ko hana mai ciwon sukari shiga da abin da likita ya ce ya riƙa ɗauka ba. Ciniki daban, tilastawa daban. Kuma idan lokacin da ke kan tikiti na talla ne, me zai hana a rubuta lokacin fara fim ɗin a gefensa domin mutum ya tsara sallarsa?

Malam Bazamfare:
Ina neman afuwar jama'a, domin ni ba ta fuskar kuɗi zan shigo ba. Na kalli fim ɗin nan, kuma ba zan musa cewa an iya shiri ba, amma zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Mu da muke zaune a inda ake tare hanya, ake kwashe mutane daga gona da masallaci a shiga da su daji, ake sayar da gida da shanu a biya kuɗin fansa, ba ma jin daɗin labarin da aka mayar da ɗan fashi abin so. An ba shi kwalliya da iya magana da ban dariya, an sa jami'an da ke neman kama shi sun zama su ne masu taurin kai, a ƙarshe kuma ya kuɓuce daga igiyar rataya ya koma jirginsa ana kiɗa, 'yan kallo suna murna. Ga kwalbar giya da ba ta barin hannunsa. Yaron da ya fito daga wannan ɗaki, wa kuke ganin zai kwaikwaya idan ya koma gida, maƙerin nan mai gaskiya da ke cikin fim ɗin ko kuwa Kyaftin Jack?

Na san za a ce ai tatsuniya ce, kuma fashin teku abu ne na zamanin da. To ba na da ba ne. A 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a tekunan duniya, 130 a mashigin tekun Gini aka sace su, wato a bakin ruwanmu, kuma sai da Najeriya ta kafa doka ta musamman a kan fashin teku a 2019. Waɗannan ma'aikata suna da mata da 'ya'ya da ke jiran kiran waya kamar yadda muke jira a nan. Saboda haka a wurina tambayar ba ita ce ko tikiti ya yi tsada ba, tambayar ita ce mene ne muke biyan kuɗi a nuna wa 'ya'yanmu.

'Yar Zango:
Malam Bazamfare, Allah ya kawo muku sauƙi, ya mayar da waɗanda ke hannu gida lafiya. Ni daga Kumasi nake, tarihi na karanta, kuma ina goyon bayanka a kan cewa mutanen da aka gina wannan labari a kansu ba abin sha'awa ba ne. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne yadda tarihinsu ya ratsa ta gaɓar tekunmu. Bartholomew Roberts, wanda yana cikin waɗanda suka fi kowa kama jirage a zamaninsu, ma'aikaci ne a wani jirgin cinikin bayi da ke tsaye a Anomabu, a nan Gana, lokacin da 'yan fashi suka kama jirgin a 1719 suka tafi da shi, kuma cikin makonni kaɗan ya zama shugabansu. A farkon 1722 a Wida, wadda ke cikin Jamhuriyar Benin a yau, mutanensa sun banka wa wani jirgi wuta saboda kyaftin ɗinsa ya ƙi biyan fansa, alhali akwai bayi kusan 80 ɗaure da sarƙa a cikinsa. Bayan 'yan makonni wani jirgin yaƙin Ingila ya kashe shi a kusa da gaɓar Gabon, aka kawo mutanensa gidan kurkukun Cape Coast aka yi musu shari'a, aka rataye 52. Baƙaƙen fatar da aka kama a jiragensa kuwa ba a tsaya yi musu shari'a ba, sayar da su aka yi bayi. Na shiga wannan gini, na sauka ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda ake tara mutane kafin a loda su, kuma tun daga ranar duk jirgin katakon da na gani a fim sai na tambayi kaina me yake ɗauke da shi a cikinsa. Ko jirgin shahararren ɗan fashin teku Blackbeard, wanda aka sako shi a kashi na huɗu, asalinsa jirgin bayi ne na Faransawa da ya ƙwace a 1717.

Akwai kuma abin da ya shafe mu a matsayin Musulmi. A 1695 wani ɗan fashin teku Bature mai suna Henry Every ya kama Ganj-i-Sawai, babban jirgin Sarkin Indiya Aurangzeb, yana kan hanyar komawa garin Surat na Indiya ɗauke da dukiya da alhazai. An azabtar da fasinjoji, an keta haddin mata, kuma fushin sarkin ya kai ga tsare ma'aikatan kamfanin Ingila da ke Surat. Every kansa ba a taɓa kama shi ba.

Duk da haka, Malam, inda na saɓa da kai shi ne ban ga cewa maganin shi ne ƙaurace wa fim ɗin ba. Ni na ji daɗinsa ƙwarai, kuma shi ne ya fara sa ƙannena tambayata ko Port Royal gari ne na gaske, har na ba su labarin girgizar ƙasar 1692 da ta nitsar da yawancinsa a teku a Jamaika, daga nan muka gangaro har zuwa Cape Coast. Da ban zauna tare da su ba, da abin da za su ɗauka ke nan, hula da takobi da dariya.

Baban Khalil:
Malam Bazamfare, maganarka tana da nauyi, kuma ba zan yi jayayya da wanda abin ya taɓa ba. Amma ina so a yi wa fim ɗin adalci ta wani gefe. Jigon labarin ai la'ana ce da ta bi dukiyar sata. Barbossa da mutanensa sun kwashe tsabar zinariya 882, suka kashe ta a kan ci da sha da shashanci, sai suka wayi gari ba sa jin ɗanɗanon abinci, ba sa jin ƙishirwarsu ta gushe, ba su mutu ba kuma ba su rayu ba, kuma babu mafita sai sun mayar da kowace ƙwaya inda suka ɗauko ta. Akwai wurin da Barbossa yake shiga cikin hasken farin wata ya koma ƙwarangwal, ya ɗaga kwalba ya sha, abin shan yana zuba ta tsakanin haƙarƙarinsa zuwa ƙasa. Babban ɗana ya damƙe hannuna a wurin, kuma a mota da muke komawa shi ya fara tambayata me ya sa mutumin yake ta riƙe da tuffa amma bai taɓa ci ba. Mun yi doguwar hira a kan haram da rashin albarkarta, hirar da ban san ta inda zan fara ta ba da babu fim ɗin.

Na yarda an ƙawata Jack fiye da kima, kuma Johnny Depp da ya fito a matsayinsa ya iya wasan har sai da aka sa shi cikin 'yan takarar kyautar Oscar, wanda hakan ya sa ya danne kowa a allon. Shi ya sa hukumar tace fina-finai ta nan Ingila ta ce ɗan ƙasa da shekara 12 ba ya shiga sai da babba, a Amurka ma shi ne fim na farko da ya fito da sunan Disney aka gargaɗi iyaye a kan 'yan ƙasa da 13.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga manya. Ni duk kashi biyar ɗin a waya na kalle su, wajen masu tura fina-finai na karɓa, kuma abin da na biya bai kai kuɗin shayi da burodi ba. Wasu da fassarar Faransanci, wasu kuma da fassarar Hausa, inda mai fassarar yake bayyana abin da ke faruwa yadda har tsohuwarmu take bin labarin ta san wane ne jarumi wane ne bos. Idan kiran salla ya yi sai in tsayar, idan wani wuri ya burge ni sai in mayar baya, babu mai buɗe mini jaka, babu mai haska mini ido. Garinmu ma ba mu da irin sinimar da kuke magana, wanda yake so sai ya yi tafiya mai nisa. Saboda haka ina tambaya da gaske, ba don gardama ba: tunda labarin ɗaya ne, mene ne wanda ya biya kuɗi masu yawa ya gani wanda ni ban gani ba?

Alhaji Ɗanfagge:
Ɗana na Maraɗi, labarin ka samu, wannan babu shakka. Abin da ba ka samu ba shi ne jama'a. Idan mutum ɗari biyu suka ja numfashi lokaci guda, ko suka fashe da dariya tare, akwai wani abu da ke shiga jikinka wanda ba ya samuwa kana kwance kai kaɗai a ɗaki. Mu da muka saba da shi, shi muke kewa, ba girman allon kaɗai ba.

Mai Tikiti:
Ƙari a kan maganar Alhaji, ɗan'uwa, akwai abin da ido ma yake rasawa. Kaso mai yawa na kashi na farko cikin dare aka shirya shi, kuma kwafin da ake turawa a waya an matse shi domin ya yi sauƙi, sai wuraren duhu su dunƙule su zama baƙi kawai. Ka koma wurin da ƙwarangwal ɗin suke tafiya a ƙasan teku zuwa jirgin sojoji, inda hasken wata yake ratsowa ta cikin ruwa, duk wanda ya shiga inuwar jirgi ya koma mutum, ya fito ya koma ƙashi. A babban allo kana ganin tsummokaran jikinsu suna lilo da yashin da ƙafafunsu ke tayarwa, a waya kuwa inuwoyi kawai za ka gani suna motsi. Haka sauti, a ɗakin sinima harsashin igwa daga bayanka yake tasowa ya wuce ta gefen kunnenka. Sannan kada mu manta cewa kuɗin da ake ba mai turi ko sisi ba ya isa ga waɗanda suka yi aikin. Disney ba za ta ji a jikinta ba, amma wannan hanya ɗaya ita ce ta karya kasuwar faifan fina-finan Hausa, har masu shirya su da yawa suka koma sakin shirye-shirye masu dogon zango a YouTube.

Malam Bazamfare:
Malama 'Yar Zango, na amfana da tarihin da kika kawo, musamman na jirgin alhazan, wanda ban taɓa ji ba. Baban Khalil, na ji hujjarka, kuma na yaba da ka zauna da ɗanka kuka yi magana. Sai dai iyaye nawa ne suke yin haka? Yawancin yaran da na sani su kaɗai suke kallo a wayar yayyensu, babu mai ce musu ga daidai ga kuskure. La'anar ta faɗa kan Barbossa ne, shi kuwa wanda yara suke so ya tsira da jirgi da suna, har aka ƙara yi masa kashi huɗu daga baya. Ina nan a kan ra'ayina, amma na yarda cewa wanda zai kalla tare da 'ya'yansa ya fi wanda zai miƙa musu waya ya fita.

Maman Ilham:
Malam Mai Tikiti, har yanzu ina jiran amsar lokacin fara fim. Kuma tunda ka san cikin gidan, me ya sa ma'aikata ba sa tsawata wa masu amsa waya da masu hira? Ranar da muka je, wani mutum ya amsa kira har yana ba da kwatancen inda za a kai masa kaya, ma'aikaci yana tsaye a bakin ƙofa bai ce masa uffan ba.

Mai Tikiti:
Hajiya, a kan lokacin fara fim, gaskiya babu abin da ya hana a rubuta shi illa masu talla sun biya ne domin a same ku a zaune. Amma idan kika tambayi mai yankar tikiti minti nawa ne tallan ranar da kuma ƙarfe nawa za a tashi, yana da jadawalin a gabansa, kuma yawancinsu za su gaya miki. A kan masu waya kuwa, ma'aikacin da kika gani ƙaramin yaro ne mai ƙaramin albashi, sau da yawa shi kaɗai ke kula da ɗakuna biyu ko uku, kuma ya san idan ya yi wa wani mai hali magana aka kai ƙararsa, shi za a sallama ba mai wayar ba. Inda na yi aiki, sai idan ɗan kallo ne ya fito ya yi ƙorafi sannan manaja yake shiga da kansa, saboda haka kada ki yi shiru, ki fita ki nemi manajan. Ga mai iyali kuma, nunin safe na ranakun aiki ya fi araha a yawancin gidaje, ɗakin ba ya cika, ana fitowa kafin azahar ko jim kaɗan bayanta, kuma idan yara sun ci sun ƙoshi daga gida, gugguru babba guda ɗaya yana isar su. Ruwan jariri da abincin mai lalura kuwa, ki faɗa tun a bakin ƙofa kafin a buɗe jakar, domin a wurinmu umarnin da aka ba mu shi ne mu bar su su wuce.